Tumbin ango da littafin awon maigidana

Wa'alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya shigo tun la'asar ina kan keken ɗinki, sai bayan isha'i na samu na zauna na karanta, karatun farko dariya na yi har Innarku ta leƙo tana tambayar ko lafiya, da na maimaita kuma sai dariyar ta ɗauke.

Wai tambayarka ko da gaske al'ada ce dole ango ya ajiye tumbi a shekarar farko, in bai yi ba a ce amarya bata iya girki ba. Kuma ka ce an kawo masu gwaji wajen aikinku a Ikeja, sun ɗora ka a sikeli kilo 83, tsayi mita 1.75, suka ce BMI ɗinka, wato lissafin nauyi da tsayi, 27, ciki kuma inci 39, ka rage, alhali a gida gwaggwanninka sun sa yarinyar nan a gaba wai har yau baka murje ba, ita kuma baiwar Allah sai ƙara maka mai take a miya. Inci 39 fa ɗana! Ni da na yanka maka wandon ɗaurin aure da hannuna, 34 na rubuta, littafin na nan ko shekara biyu ba a yi ba. In wannan ba murjewa ba ce to sai dai su jira ka fashe.

Maganar gwaggwannin naka ba su suka ƙirƙiro ta ba. Kakata ta wajen uba takan ce ramammen miji tonon asirin mace ne, amma ita ɗin dai ita ke cewa ƙibar ango aro ce, garma ke zuwa ta karɓi abinta. A garinmu bayan kaka ake biki, rumbu cike, ango ya sha fura ya ci tuwo wata uku huɗu wuyansa ya cika, ruwan farko na sauka ya koma gona, kafin a yi maimai ya dawo yadda yake. Rabin maganar farko mutanenmu suka ɗauko suka taho da shi Ikko, rabin garmar suka baro shi can Arewa.

Ni 1974 na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Agege, ina ɗan shekara sha biyar, siriri kamar karan dawa, aka damƙa ni hannun maigidana Allah ya jiƙansa ya koya min ɗinki. A lokacin duk unguwar masu tumbi ba su fi ka ƙirga da yatsu ba, dillalan goro ne da na shanu da masu motocin haya, mu sauran kuwa ƙafa ce motarmu, in an aike ka Oko-Oba ka taka ka je ka taka ka dawo, kuɗin molue, wato bas ɗin haya, ka riƙe ka sayi burodi da wake. Shi ya sa in ka ga mutum da ciki gaba ka san wannan ya daina tafiyar ƙasa, Allah ya yanke masa wahala. Har addu'a muke Allah ya kai mu.

Ba zan manta azumin 1978 ba. Saura kwana goma sallah, wani babban Alhaji mai goro ya aiko a zo a gwada shi, zai yi babbar riga aska takwas da wanduna uku na shadda, irin waɗannan ba su zuwa shago, kai kake zuwa. Bayan tarawih muka tafi ni da maigida, shi da littafi da biro ni da tef a wuya ina ta jin kaina don ranar ce ta farko da ya ce ni zan auna. Zauren cike, huhunan goro jere a bango har sama, ƙamshin ganyen da ake naɗe shi ya gauraye da na turaren wuta, fanka na juyawa, ga tire-tire na shinkafa da kaji an ci an ture, ga lemon kwalba a bokitin ƙanƙara, a gefe wani maroƙi ya harɗe yana jiran a motsa ya samu abin faɗa. Alhaji ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya tuɓe riga ya rage 'yar shara, ya ɗaga hannuwa. Na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna tsawo, duk ina raɗa wa maigida lambar a hankali yadda ya koya min. Da na zo ƙugu na miƙa hannu in zagaye shi sai hannuna suka ƙi haɗuwa, fuskata ta nutse a cikinsa, dole na ba yaronsa bakin tef ya riƙe ni kuma na zagaya ta baya kamar mai kewaya rumbu. Da na haɗa na duba sai mamaki ya sa na manta kaina, na ɗaga murya na ce arba'in da takwas!

Zauren ya yi tsit, har ƙarar fankar kake ji. Na ga biron maigida ya tsaya. Can sai Alhaji ya fashe da dariya har tef ɗin na rawa a jikinsa, ya shafa ciki ya ce Alhamdulillahi, bara nawa ne malam tela? Maigida ya ce ai Alhaji sai godiya. Maroƙi ya samu abin da yake jira ya miƙe, giwa mai tafiya da kayanta, wanda ya ci ya ba wasu, kowa na dariya ana tafi, Alhaji ya zaro naira biyar ya manna min a goshi. Naira biyar a lokacin, ni da ban taɓa riƙe ta tawa ba.

A hanya maigida bai ce min uffan ba sai da muka tsallaka titin jirgi, sannan ya sakar min ranƙwashi ɗaya wanda har yau in na tuna sai na shafa wurin. Ya ce kai yaro, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, tela da wanzami abin da hannunsu ya taɓa bakinsu ba ya faɗa. Da muka isa shago ya kunna aci-balbal don an ɗauke wuta, ya buɗe shafin Alhaji ya tura min. 34 a sama tun zamanin sule da fam, sai 38, sai 41, sai 45, ga 48 na daren nan tawada bata bushe ba. Ya ce ka ga wannan hawan? Na daɗe ina ganin irinsa, shafin da ya hau haka wata rana zaka ga ya juyo yana gangarowa da gudu, daga nan sai a rufe shi. Mutumin da ko aji ɗaya bai shiga ba.

Haka kuwa aka yi. Bayan kamar shekara huɗu aka fara dawo da wandunan a rage su, wannan wata inci biyu, wata mai zuwa uku. Yaronsa ya ce Alhaji kwana yake shan ruwa yana fita fitsari, inda ya yi kuma kiyashi su taru, ga wani ɗan miki a babban yatsa ya ƙi warkewa. Gari ya ɗauka jifa ne, abokan gasa a kasuwar goro, aka sha rubutu aka yi turare aka yanka abin da aka yanka, sai da ƙafa ta fara wari aka kai shi asibitin koyarwa na Idi-Araba suka ce ciwon suga ne ya daɗe yana cinsa, ga hawan jini. An yanke ƙafar, bai shekara ba bayan nan. Ni na ɗinka wandon ƙarshe, ƙafa ɗaya naɗe.

Abin da ke damuna har yau, maigida ya gani tun ana 41. Da ya ja shi gefe ya ce Alhaji a rage, wataƙila ya ji wataƙila ya canza tela, amma kunya da girmamawa suka rufe masa baki, ni ma na gaji wannan shirun, shafi nawa na rufe da hannuna a shekara arba'in da wani abu ban taɓa ce wa mai shi komai ba.

Sai da 'yar uwarka ta gama karatun nas ta zo ta sa ni gaba da tef ɗina na kaina sannan na san abin yana da lissafi. BMI ɗin nan da suka faɗa maka ba wani siddabaru bane, nauyinka a kilo ake rabawa da tsayinka a mita an ninka shi da kansa, wato 1.75 sau 1.75 ya ba ka 3.06, ka raba 83 da shi ka samu 27 da ɗan ɗori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga nan zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama ƙiba ce ta cuta. Ta ce min wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi tun shekarun 1830, kuma shi ba likita bane, Turawan yankinsu yake aunawa yana neman matsakaicin mutum, sunan BMI ma sai 1972 wani Ba'amurke Ancel Keys ya raɗa masa. Na ce mata to ai shi ya sa, sikeli bai san tsoka ba bai san kitse ba. Je ka kasuwar Mile 12 ka ɗora ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa, ko ɗan dambe, lissafi zai ce ya yi ƙiba alhali jikinsa kamar kututturen giginya. Ga kuma wani siriri, ƙafafu kamar muciya, ciki kamar tulu, lissafi ya ce masa lafiya lau. Ta ce Baba gaskiyarka, shi ya sa ake haɗawa da tef, amma kada ka yi murna, a Ingila ma hukumar da ke tsara wa likitocinsu ƙa'ida ta ce mu baƙar fata tun daga 23 ake fara sa mana ido, 27.5 kuma a lissafa mu cikin masu ƙiba, don suga na kama mu tun jiki bai kai na Bature ba. Ka duba lambarka ka ga inda ka tsaya.

Kitsen cinya da na mazaunai wai ba shi ne abin tsoro ba sosai, na ciki ne, wanda ke naɗe hanta da hanji kamar yadda kake gani in an feɗe ragon layya da aka turke, shi ke hana jiki sarrafa suga, ya jawo hawan jini da ciwon zuciya. Namiji in ƙugunsa ya kai santimita 94, kusan inci 37, an shiga haɗari, 102 wato inci 40 haɗarin ya yi yawa. Mace kuma 80 da 88. Kai kana 99. Kuma kada ka ce min ai wandon kanti 36 kake sawa, wannan ni zan gaya maka ba nas ba, duk mai tumbi ƙarƙashin ciki yake ɗaura wando, lambar wando ƙarya take. A tsaye ake aunawa, ka laluba haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu nan tef zai bi, ka saki numfashi yadda ka saba, banda shanye ciki irin na samari gaban budurwa, na san wannan dabarar tun kafin a haife ka. In babu tef ma ka samu zariya ko igiya ka yanka daidai tsayinka daga ƙafa zuwa kai, ka ninka ta biyu, in ta zagaye cikinka ta haɗu to madalla, in ta ƙi haɗuwa ka san ka wuce rabin tsayinka. Naka rabin inci 34 da rabi ne.

Ku yaran yanzu abin naku ne ya haɗu goma da ashirin, ka fito gida ka hau Keke Napep, ka zauna cikin gosilo awa biyu kana cin gala da lemo, ka zauna a ofis cikin sanyi har yamma, ka dawo ka ci tuwon dare ƙarfe goma, sha ɗaya kuma ka aika a haɗo maka Indomie da ƙwai uku wajen mai shayi da madara rabin gwangwani. Masallacin da ke bayan layi ma sai an hau mashin. Malaminmu na allo kullum sai ya maimaita mana hadisin nan, a raba ciki uku, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, amma yau in aka zo walima sai ka rantse ba a taɓa karanta shi ba, har da mu masu furfurar, ni ma nan 37 nake fama da ita, Innarku ta ɓoye min sukari kamar ƙaramin yaro.

Batun gwaggwanninka kuwa, kada ka je ka tsaya gabansu kana karanto musu santimita, zasu ce boko ya ɓata ka kuma a kan yarinyar zai ƙare. Ita dai ka zaunar da ita ka nuna mata igiyar nan da idonta, ka ce ta rage man ba don girkinta bai yi ba. Su kuma bari sai mun haɗu a sunan gidan ƙaninka, babbar cikinsu ta san Alhajin da nake faɗa maka, gidansu na kallon nasa, zan dai tuna mata in ga abin da zata ce.

Ka zo ranar Asabar bayan azahar da wandunan bikin nan, na bar musu inci biyu-biyu a ciki sai in buɗe maka, fiye da haka babu yadi. Ka sauka a Pen Cinema ka tako da ƙafa, kuma ka gaida min amarya.