Shuka Karkashi a Gida Don Jawo Ƙudan Zuma

Wata mai karatu daga Arkilla a Sakkwato ta tambaya: wace fure za ta shuka a tsakar gida da ba ta cin ruwa, wadda kuma za ta jawo ƙudan zuma, domin kabewarta na yin fure tana zubarwa ba ɗa?

Hajiya, ki nemi karkashi, wanda a nan aka fi sani da yoɗo. Ɗan ƙasa ne, shi yake fitowa da kansa a jigawa. Furensa kamar ƙaramin mazurari yake, ruwan hoda ko shunayya mai haske da ratsi a ciki, yana buɗewa da sassafe, daidai lokacin da zuma ke fita kiwo. Kabewa kuwa tana da furen namiji da na mace daban, in babu ƙwaron da zai ɗauki garin furen namiji ya kai wa na mace, ɗan zai yi rawaya ya faɗi.

Ki zaɓi inda rana ke duka sosai, ƙasa mai yashi. Laka da kwatamin wanke-wanke ba nasa ba ne, ruwa na kwanciya saiwar za ta ruɓe. Ki sassaɓe wurin, ki zuba kwano ɗaya na tsohon takin awaki a kowace murabba'in mita. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Irin ƙanana ne kamar riɗi, don haka ki gauraya cokali ɗaya da cokali uku na yashi, ki yayyafa a layi, ki rufe da ƙasa kaɗan, kada zurfin ya wuce santimita 1. Yawancin masu kukan bai fito ba, binne shi suka yi da nisa. A jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Bayan mako biyu ki rage, ki bar santimita 25 tsakanin gindi da gindi.

Wani magidanci daga Kware ya ce nasa ya yi ganye jingim amma fure ƙalilan ne.

Malam, abu biyu ke jawo haka. Na farko takin zamani mai yawa, musamman yuriya, wadda ke tura shuka ga ganye. Na biyu, kuma shi ya fi yawa, tsinka. Duk sanda aka yanke kan reshe don miya, an yanke inda furen zai fito. Shawarata ka raba fangalin biyu: rabi na tukunya, rabi kada hannu ya taɓa shi. Wannan rabin shi zai ciyar da zuma har ƙarshen damina, shi kuma zai ba ka irin baɗi. Ka cire kwanson da ya fara bushewa kafin ya tsage, ka shanya a inuwa cikin buhu.

In tsutsa ta naɗe ganyen sama, a tsince da hannu. In ta yi yawa, a daka ganyen dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa bayan magariba. Maganin ƙwari na kanti kada ya kusanci shuka mai fure, ina roƙonku, feshin safiya ɗaya yana kashe zumar da kuka yi wata biyu kuna kira.

A aje kasko da ruwa kaɗan da tsakuwa a ciki don zuma ta sauka ba ta nutse ba, a riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu saboda sauro. A kuma kewaye wurin da ƙaya ko kara, don akuya ba ta barin sabon tsiro.