Wai don an rubuta Lawrence a sunan jikana shikenan mun tashi daga Hausawa?

Ɗana na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba sai da na kwana saboda gaskiya ya sosa min rai. Kace ka ga hoton takardar makarantar jikana da Lawrence a ƙarshen sunansa, ka shiga Google ka ga wani mai zanen sarakuna, ka ga kuma sojan nan da ya shiga cikin Larabawa yana naɗa rawaninsu, shine kake tambaya wai Gwaggo irin mutanen da muka haɗa jini dasu kenan yanzu. Toh bari kaji.

Mai zanen, Thomas Lawrence, a Bristol aka haife shi 1769, ubansa mai masaukin baƙi ne a Devizes kan hanyar Landan zuwa Bath, yaron tun bai kai goma ba yake zana fuskokin matafiya, da uban ya karye da zanen nan ya riƙe gidan. Yana ɗan shekara 20 ya zana Sarauniya Charlotte, hoton na nan a National Gallery, gidan ajiye zane-zane na Landan, na gani da idona, 1820 ya zama shugaban Royal Academy, babbar ƙungiyar masu zane ta Ingila, ya mutu 1830 bai taɓa aure ba. Ta ina zai zama kakan surukina dan Allah? Shi kuwa na Larabawan da aka haifa 1888 sunan ma aro ne, ubansa Chapman yake, ya gudu ya bar matarsa a Ireland ya tafi da mai renon 'ya'yansa suka laƙa wa kansu Lawrence, daga baya ɗan ma ya ajiye ya koma Shaw.

Akwai wanda baka ambata ba, kuma shine namu a zuci. Stephen Lawrence, yaro baƙar fata ɗan shekara 18, iyayensa 'yan Jamaika, wasu samarin Turawa suka daɓa masa wuƙa yana jiran bas a unguwar Eltham ta Landan cikin Afrilun 1993. Muna Landan lokacin, wlh na fi wata ban bar babban ɗana ya fita shi kaɗai bayan magariba ba, in ya makara daga makaranta ina bakin taga. Uwar yaron nan ta yi shekaru tana bin haƙƙin ɗanta, sai 2012 aka ɗaure biyu daga cikinsu. In naji Lawrence ita nake tunawa. Kaga suna ɗaya, mai zane da soja da wannan baiwar Allah, ba abinda ya haɗa su. Asali ma sunan yanka ne irin na Kiristoci, wani kaka can ya amsa shi jikoki suka riƙe, kamar ace duk zuriyar wani Garba su dawwama da Garba. Mu ma ai muna da irinsa, Malam Aminu Kano ba ɗan'uwan duk mai amsa Kano bane, Shagari gari ne, Tafawa Ɓalewa gari ne.

Abinda ku a gida baku gane ba, nan ko asibiti ko makaranta ko banki sai an tambayi sunan gida guda ɗaya. Da muka zo sunan baban mijina aka ɗora mana gaba ɗaya har ni, ni da ke da ubana. Ranar da na fara jin nas ta kira ni da sunan surukina ban ma waiga ba, da na koma gida sai da nayi hawaye.

Maganar auren kuma, nasan ita ce a ƙasan tambayar, kuma nasan ba kai kaɗai ba, an daɗe ana yi a bayan idona. Mijin 'yata ya musulunta shekaru kafin ya santa, ba don ita ba, ya kawo manyansa aka nemi aure aka biya sadaki, har lefe sai da yayi don ban yarda a ɗauki 'yata haka ba. Sunan ubansa ne bai canja ba, kuma bamu ce ya canja ba, ai cikin Suratul Ahzab aka ce a kira mutane da ubanninsu. Da aka haifi yaron shi ya masa kiran sallah a kunne, ran bakwai aka raɗa masa sunan mahaifinmu, kakanka, shi yasa bana iya kama sunan sai dai ince Abba. Tunda nan ba'a yanka a tsakar gida Kano muka turo kuɗin rago, a gidan babanka aka yanka, kai ma ka ci naman.

Bazan ɓoye maka ba Hausarsa bata kai yadda nake so ba, yana ji tsaf amma ya amsa da Turanci, wannan yana damuna sosai kuma ina faɗa da uwarsa a kai. Amma yana durƙusawa ya gaishe ni, tuwo da miyar kuka da hannu yake ci, yana izu biyar. Shekararsa tara, cikinku ba wanda ya taɓa kira yace a bani Abba mu gaisa, sai da kuka ga takarda. Ran Lahadi bayan la'asar ɗinku yana wajena, ka kira ta bidiyo, ka masa Hausa a hankali zai gane.