Yashin bakin korama: wanne za ka ɗiba, wanne za ka bari

Ka tambaye ni jiya a wurin buga bulo: "Maigida, amalanke biyu aka ɗebo daga gulbi ɗaya, tsakaninsu bai kai taku ɗari ba, ka karɓi ɗaya ka mayar da ɗaya. Ba duk yashin gulbi ba ne?" Tambayar ta yi, ɗana. Abin da ya raba su shi ne koramar da ke faɗawa gulbi a daidai wurin.

Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo ta wajen Madarunfa, ya wuce gefen garinmu Maradi, da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Kwarinsa shimfiɗaɗɗe ne, ruwansa a kwance yake tafiya, kuma da damina kawai yake gudu. Korama kuwa daga tudu take gangarowa, gajera ce, mai gaggawa: a yi ruwa da la'asar, kafin isha'i ta cika ta kwashe. In gudun ruwa ya ninka, tsakuwar da zai iya turawa takan kai kusan ninki huɗu a kauri. Shi ya sa korama ke kawo kayan da gulbi ba ya iya ɗauka. Da ta iso mahaɗa sai gangare ya ƙare, ƙarfinta ya karye, ta fara sauke kaya bi da bi: tsakuwa a bakin nan, yashi mai kaushi gaba kaɗan, rairayi mai laushi can gaba, laka kuma sai inda ruwa ya tsaya cik.

Ka tsaya a bakin korama da rani, ka fuskanci inda gulbi ya nufa. A gaɓar da koramar take, ƙasa da bakinta kaɗan, za ka ga wani dogon tudun yashi kamar harshe. Ruwan korama ba ya iya karya kwana nan take, sai ya yi baka ya bar wani lungu a bayansa, inda ruwa ke juyawa a hankali yana zubar da abin da ya ɗauko. Kan wannan harshe, ɓangaren da ke kallon tsakiyar gulbi, nan ne yashinmu yake: wankakke, mai ƙwaya, in ka murza shi a tafin hannu yana ƙara, ka kakkaɓe hannu ya fita tas. Wutsiyar harshen da lungun da ke manne da gaɓa, can ne rairayi da laka da ganye da leda ke taruwa. Amalanken da na mayar daga can aka cika ta. Ka ga yadda yashin ya dunƙule da ka matse shi, ya bar maka jan shafi a yatsu.

A tsakiya, inda ruwan biyu ke karo, akwai rami, don ruwan yana murɗawa ƙasa yana haƙa. Ko ya bushe a sama, ƙarƙashinsa taɓo ne. Kada ka bari a kai jaki ko mota wurin. Gaɓar da ke tsallake, wadda korama ke tunkuɗa wa ruwan gulbi, ita ce ke zaizayewa kowace shekara. In aka kira ka ginin katangar lambu ko bakin rijiya a wannan gefe, ka gaya wa mai aikin gaskiya tun kafin a haƙa tushe.

Yanzu ga abin da ke yaudarar masu ɗiba. Ba kullum korama ke rinjaye ba. In ruwa ya sauka a nan kusa alhali gulbi bai cika ba, korama ce ke turo kayanta har cikin gulbi, ka samu shimfiɗar yashi mai kyau. In kuma a kudu aka yi ruwan, gulbi ya zo a cike, to shi ke toshe bakin koramar, ruwansa ya koma ciki ya kwanta kwana biyu ko uku, ya bar laka. Damina ɗaya sai a yi haka sau da yawa. Saboda haka yashin mahaɗa hawa-hawa yake: kaushi, laka, kaushi, laka. Wanda ya dubi sama kawai ya fara lodi, shebur na goma ya riga ya shiga laka bai sani ba. Kafin a ɗiba, ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ka share bangonsa da bakin shebur, ka dubi layukan. Ka yaye tafin hannu guda na sama ka zubar, ka ɗebi mai kyau, da ka ga layi mai duhu mai santsi ka tsaya ka matsa gaba.

Kowace korama kuma abin ƙasarta take kawowa. Wadda ta ratso marmara tana kawo jar tsakuwa da yashi mai ƙarfi. Wadda ta fito daga jigawa rairayi ne zalla, ya yi wa shafe amma bai yi wa kankare ba, yana shan siminti da ruwa. Wadda ta biyo ta cikin gari, da shara da ruwan kwata take zuwa, ni ba na son yashinta ko kyauta ne.

In ido bai raba maka gardama ba, kwalba za ta raba. Zuba yashi santimita 10 a farar kwalba, ka ƙara ruwa ya haura shi sosai, da ɗan gishiri rabin ƙaramin cokali. Girgiza da kyau, ka ajiye awa uku. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya kusa santimita 1, kada ya shiga aikinka sai an wanke. Dalili shi ne laka tana lulluɓe ƙwayar yashi, siminti ya kama lakar maimakon ƙwayar. Bulon zai fito da kyan gani, bayan sati biyu ka goga kusurwarsa da babban yatsa ta zube. Shafe kuma ya tsattsage kamar ƙasan tafki da bazara.

Da yashi mai kyau, buhu ɗaya na kilo 50 baro uku yake ɗauka a bulo. A kankaren ginshiƙi, buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa. Ka lura da danshi: yashi mai ɗan jiƙa yana kumbura, yakan ƙaru har da kashi ɗaya cikin huɗu, baro ya cika a ido alhali bai cika ba. Ka ɗan tula masa, ka kuma rage ruwan kwaɓi.

Saura wurin da ba a taɓawa. Kada ka haƙa rami mai zurfi a cikin bakin koramar kanta. Ruwan farko da ya zo zai faɗa ramin, ya fara cin bangonsa na sama, wannan gantsarar ta yi ta hawa baya tana bin korama har ta shiga gonakin mutane ko ta tone gindin kadarko. Madatsar Jibiya ma tana tare wani kaso na yashin da ke zuwa daga kudu, don haka ramin da aka bari ba lalle ya cike da wuri ba. Wannan gulbi ne ya ci tsohon garin Maradi a 1945 har aka hau da shi tudu, ba abin wasa ba ne. Ka ɗiba a shimfiɗe, kada ka wuce zurfin gwiwa, ka bar taku ashirin tsakaninka da gaɓa, ka yi nesa da ƙafar gada. Gobe da safe ka zo da kwalba biyu, mu gwada na amalanken nan biyu ka gani da idonka.