Fitilar saman wurin wanke-wanke

'Yar'uwa, kin ce ƙwan tsakiyar kicin ba ya haska miki sinki, kina tambayar wace fitila za ki ƙara. Ai ba laifin ƙwan ba ne. A bayanki yake, inuwarki ce ke rufe kwanukan. Ki sa mai wayarin ya kafa wata daidai saman sinkin, ko siririyar LED a ƙarƙashin kabad idan akwai. Ki nemi farin haske mai 4000K, wato lambar da ke nuna launin hasken, don mai ruwan ɗorawa yana ɓoye maiƙo da manja a kwano. Ki duba alamar IP44, wadda ke nuna fitilar tana jure fantsamar ruwa, makunni kuma a nisanta shi da famfo. Ni dai mai caji na saka, don an sha ɗauke mana wuta ina tsakiyar wanke-wanken dare.