Tambaya da Amsa: Wata biyar da rasuwar maigidana, har yanzu ƙirjina na nauyi

Tambaya: Likita, wata biyar ke nan da rasuwar maigidana. Yau in wuni lafiya lau, gobe ƙamshin turarensa kawai ya sa ni kuka. Barci ya ƙaurace min, ƙirjina na nauyi. An ce baƙin ciki matakai biyar ne, ni kuwa ban ga ina bin su ba. Ko ƙwaƙwalwata ce ta taɓu?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri. 'Yar'uwa, ƙwaƙwalwarki lafiya take. Matakan nan, wato musantawa, fushi, neman sassauci, ƙunci da sallamawa, wata likitar ƙwaƙwalwa mai suna Elisabeth Kübler-Ross ce ta zayyana su a 1969, daga hirarta da majinyatan da ke dab da mutuwa, ba waɗanda aka yi wa rashi ba. Abin da wasu masu bincike biyu, Stroebe da Schut, suka bayyana a 1999 ya fi dacewa da halinki: mutum na kai-kawo ne tsakanin jimami da harkokin rayuwa, kuma wannan kai-kawon shi ne hanyar warkewa. Turaren kuwa, jijiyar sansanar ƙamshi na da kusanci sosai da sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye tunani da motsin rai, shi ya sa hawaye ke riga tunani zuwa.

Sinadarin kotisol da damuwa ke tayarwa yana cikin abin da ke hana ki barci. Ki riƙa tashi a lokaci guda kullum, ki taka da ƙafa minti 20 zuwa 30 da rana. In kin kwanta minti 20 barci bai zo ba, ki tashi ki zauna har gyangyaɗi ya ɗauke ki. Maganin barci sai da izinin likita, don jiki na sabawa da shi.

Ƙirjin nan ne ba zan yi wasa da shi ba. Tsananin tashin hankali kan raunana tsokar zuciya, ciwon da aka fara bayyanawa a Japan a 1990, ana kiransa takotsubo, kuma ya fi kama matan da suka daina al'ada. Yawanci yana warkewa cikin makonni, amma alamunsa irin na bugun zuciya ne. Ciwon ƙirji da haki, gumi, ko zafin da ke gangarawa hannu ko muƙamuƙi, sai asibiti nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar jimami a matsayin ciwo in ya wuce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa; likitocin Amurka kan jira wata 12. In haka ta faru, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Amma in tunanin halaka kanki ya ɗarsu miki, ki faɗa wa wani a ranar, a kai ki asibiti.