Hutun da ya faɗo Lahadi a Jamus: amsa ga Yayana a Kano

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaida min su Hajiya da yara.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa sai Sallah ta wuce da kwanaki kake ganin hotunan taronmu na Hamburg, ka kuma ce ko gwamnatin nan ba ta rama wa ma'aikata hutun da ya faɗo Asabar ko Lahadi kamar yadda ake yi muku.

Ba ta ramawa. A Jamus idan ranar hutu ta zo a ƙarshen mako, shi ke nan, ta tafi, Litinin kowa ya kama hanyar aiki. Ku a gida kun saba jiran sanarwar Ministan Harkokin Cikin Gida. Babbar Sallar 2024 ta kama Lahadi 16 ga Yuni, aka ba ku Litinin da Talata. Nan babu mai yin irin wannan sanarwa, ranakun a rubuce suke cikin doka, kuma kowace jiha da nata. Mu a Hamburg goma gare mu a shekara, yawancin garuruwan jihar Bayern kuwa goma sha uku.

Dubi abin da ya faru a 2021. Ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, Asabar ce. Ranar haɗewar Jamus, 3 ga Oktoba, Lahadi. Haka 31 ga Oktoba, ranar da ake tunawa da sauyin da Martin Luther ya kawo a addinin Kirista. Kirsimeti ta zo Asabar, washegarinta Lahadi. Biyar daga cikin goma suka salwanta. Jam'iyyar Die Linke ta sha kai maganar majalisa cewa a riƙa rama su, ba ta samu rinjaye ba. Masu kamfanoni suna cewa kowace ranar hutu asara ce, wasu kuma suna cewa ranar tunawa don kanta aka ware ta, ba don hutu ba. Ni dai ina ganin talakan ma'aikaci ne ke cutuwa, domin shi ne ke ƙirga kwanakin da zai zauna da iyalinsa.

'Yan'uwanmu na Ingila ba haka suke ba. A waccan shekarar ta 2021 an ba su Litinin 27 da Talata 28 ga Disamba a madadin na Kirsimeti. A Amurka, hutun gwamnatin tarayya idan ya kama Asabar sai a yi shi Juma'a, idan Lahadi ce a yi Litinin. Faransa, maƙwabciyarmu, galibi irin namu take yi, Beljiyam kuwa tana ramawa.

Amma ga inda lamarin ya juye. Abin da Bajamushe ke kuka da shi, mu shi muke roƙon Allah ya ba mu. Sallah ba ta cikin ranakun hutun ƙasar nan ko ɗaya, don haka idan ta faɗo Asabar ko Lahadi ne kawai muke samun ta a cike. Ƙaramar Sallar 2025 da ta kama Lahadi 30 ga Maris, masallatan unguwar St. Georg, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, sai da aka yi ta sallar idi rukuni bayan rukuni. Wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa, da mai ɗaukar kaya a sito, da matanmu masu kula da tsofaffi, da yawansu sun samu zuwa da 'ya'yansu.

Idan kuwa ta faɗo Talata, sai dabara. Hamburg ita ce jiha ta farko da ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi, a 2012, inda aka amince da ƙaramar Sallah da babba da Ashura a matsayin ranakun addini. Ma'anarta, yaro na iya ƙin zuwa makaranta idan iyaye sun sanar, ma'aikaci kuma na iya neman a sake shi. Sai dai ba kyauta ba ce: ko ka cire ranar daga hutunka na shekara, ko ka biya aikin daga baya, ko a zaftare albashinta. Doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako aƙalla kwana 20 a shekara, kuma mu waɗannan kwanakin muke tarawa don zuwa gida. Kowace rana da ka ɗauka, daga zamanka da Hajiya ka ɗebe ta.

Akwai kuma maganar wata. Mai aiki yana son ka faɗa masa rana tun da makonni, don ya tsara wanda zai riƙe maka. Masallatan Turkawa sun huta da wannan, lissafi suke bi, tun farkon shekara sun san ranar. Namu kuwa, na unguwar Nima ta Accra da Kumasi da Lome da Yamai da Kano, wasu Saudiyya suke saurara, wasu sai sun ji daga fadar Sarkin Musulmi. Da yawa suna rubuta kwana biyu, su mayar da ɗaya idan an yarda.

Shi ya sa muka raba Sallar gida biyu. Ranar kanta, idi da sassafe, a gaisa a ƙofar masallaci, wasu su canza kaya su shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa aiki. Asabar ta gaba sai a kama zaure, mata su zo da waina da tuwon shinkafa da wake da shinkafa irin na Gana, a saka shadda, yara su karɓi goron Sallah. Hotunan da kake gani na wannan ranar ne. Haka muke yi da suna: a raɗa shi ranar bakwai a ɗaki da mutum kaɗan, taron kuma sai ƙarshen mako. Layya ma, tunda dokar yanka a ƙasar nan tana da tsauri, yawancinmu kuɗi muke aikowa a yanka a nan wurinku.

Tsakaninmu ma ana jayayya. Wasu dattawa na cewa tunda an yi idi, komawa aiki ba laifi ba ne, kuma gaskiyarsu ce. Ni kuwa ina ɗaukar ranar sukutum, ko za a yanke min albashi. Yaran da aka haifa a nan suna ganin gari ya tsaya cik saboda Kirsimeti, shaguna a rufe, tituna da fitilu. In suka ga ranar Sallah babansu ya ɗauki jakar aiki da tsakar rana, ba sai an faɗa musu wacce ta fi girma ba. Bana ma zan rubuta kwana biyu, kuma kuɗin ragon zan turo da wuri kafin farashi ya tashi a kasuwa.