Kango a bakin kogi: in saya ko in dakata?

Wani Alhaji daga ƙasar Ringim, mai sarin tabarmi, faifai da ƙwarya, ya aiko da tambaya. Ya ce a garinsu akwai tsohuwar unguwar masunta da 'yan fito da ta mutu tun da aka yi gada. Yanzu matasa sun fara gyara zaurukanta, sun zaunar da dukawa, marina da masu zane, suna cewa baƙi za su riƙa zuwa. An yi masa tayin wani kango a wurin, yana son ya sayar da shanunsa biyu ya saya.

Alhaji, bar shanunka a turke tukuna.

Ba wai matasan nan mafarki suke ba, an yi irin haka a wurare da dama. A Liverpool ta Ingila, tashar jiragen ruwa ta Albert Dock da aka buɗe a 1846 an rufe ta a 1972, sai a 1988 aka buɗe gidan nuna zane-zane na Tate a ɗaya daga cikin tsofaffin sitocinta. A Cape Town ta Afirka ta Kudu an soma gyaran bakin teku a 1988, amma sai 2017 tsohon rumbun hatsin da ke wurin ya zama gidan adana zane-zane. Ka ƙirga shekarun. Kuma da hannun hukuma da manyan masu jari aka yi, masu iya binne kuɗi shekara goma ba su waiwaya ba. Jarin ɗan sari kuwa in bai juya ba, cinye kansa yake.

Wanda ya fi kama da naku shi ne Jamestown, unguwar masunta a babban birnin Gana, inda bikin zane-zane na Chale Wote ya soma a 2011. A shekarun da aka yi ana yin bikin a can, jama'a kan cika titi maƙil, amma na 'yan kwanaki ne a shekara. In an watse, masunta su koma wa komarsu. Naku ma haka zai faro: cika ranar kasuwa da lokacin Sallah, sauran ranaku shiru.

Babban abin da ba ka ambata ba shi ne ruwa. Kai ka fi ni sanin abin da Kogin Haɗeja ya yi a daminar 2022. In sama ta yi nauyi, aka saki ruwan madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa a ƙasa, unguwar bakin kogi ce ke fara sha. Je ka dubi katangun maƙwabta, za ka ga layin da ruwa ya tsaya. Ka tambayi dattawan masunta, kada ka tambayi dillali. Kayanka kuma ba sa shiri da laima. Tabarmar kaba in ta yi fumfuna, ko rabin kuɗinta ba ta yi.

Ni dai shawarata ka kama haya. Ka nemi zaure a kan tudu, a rubuta yarjejeniyar shekara uku a gaban mai unguwa da shaidu, a yanke kuɗin haya ba ƙari, abin da ka kashe a gyara a riƙa cirewa a ciki. Ka sa a rubuta cewa in za a sayar, kai za a fara yi wa tayi. Kada ka raina wannan takarda. Da zarar wurin ya fara kyau, masu gidaje kan ɗaga haya, sai waɗanda suka raya shi su zama na farkon tashi. In kuwa gidan gado ne, kuma yawancin irin waɗannan kangaye haka suke, duk magada su sa hannu, har matan da ke aure a wani gari.

Masu sayenka ba Turawa ba ne. Mutanen Kano da Dutse ne masu fitowa shan iska, da iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki. Mai yawon buɗe ido ƙaramin abu yake ɗauka, wanda zai shiga jaka: faifai mai ado, 'yar ƙwarya mai zane, mafici. Ka ba masu zanen nan ƙwaryarka su yi mata ado ku raba riba. Ka ajiye lambar asusu don masu tiransifa, yaronka ya riƙa ɗora hotuna a WhatsApp, mai so daga nesa a ba direba a tasha ya kai masa.

Kada ka bar kasuwannin da kake ci. Ka ware wa shagon littafinsa daban, ka rubuta cinikin Sallah biyu da damina guda. In ya biya hayarsa da ladan yaron shago har ya bar wani abu, to a lokacin ka shiga maganar saye, ka haɗa kuɗin da adashi da ribar shagon.